Enzayim ɗin Kalikirin da Gwajin PSA: Abin da Jini ke Nunawa da Matsalar Sunan Ciwon Dajin Furostet a Kwarin Rima

Tsakure

Kalikirin suna ne na wasu enzayim guda 15 da jikin ɗan Adam ke samarwa, waɗanda aikinsu shi ne datsa furotin. Ɗaya daga cikinsu, wanda aka fi sani da PSA, shi ake aunawa a jinin maza domin neman alamar ciwon dajin furostet. Wannan maƙala ta bayyana asalin waɗannan enzayim, da aikinsu a jiki, da dalilin da ya sa adadin PSA ke hauhawa a jini. Ta nuna cewa gwajin yana ba da labarin halin da furostet yake ciki ne, kuma ciwon daji ɗaya ne kawai daga cikin abubuwan da ke iya ɗaga shi. Daga nan ta dubi yanayin Birnin Kebbi da Argungu, inda tsargiya ta sa ciwon dajin mafitsara ya zama sananne, domin fito da haɗarin da ke tattare da fassara ciwon dajin furostet da sunan "kansar mafitsara". An rufe da shawarwari a kan kalmomin da suka fi dacewa.

Fitilun Kalmomi: kalikirin, PSA, furostet, ciwon daji, tsargiya, fassara

1.0 Gabatarwa

A ƙaddara wani dattijo ɗan shekara 62, tsohon ma'aikacin gwamnati da ke zaune a unguwar Gesse cikin Birnin Kebbi, ya fara tashi fitsari sau huɗu ko biyar a dare, kuma alwalarsa ba ta daɗewa. Ya je asibiti, an ɗebi jininsa, an ba shi takarda mai ɗauke da haruffa uku, PSA, da lamba 7.8. Kafin ya isa gida labari ya riga shi cewa an yi masa "gwajin kansa" kuma sakamakon ya yi sama. A ƙaddara kuma wani masunci daga Argungu, ɗan shekara 50, wanda ya daɗe yana ganin jini a fitsarinsa. An yi masa irin wannan gwaji a wani taron wayar da kai, lambarsa ta fito 1.2, ya koma gida da tabbacin cewa ba shi da "kansar mafitsara".

Mutanen nan biyu misali ne kawai, amma kuskuren da kowannensu ya faɗa ciki na gaske ne. Na farko yana iya kasancewa ba shi da ciwon daji ko kaɗan, ga shi hankalin iyalinsa ya tashi. Na biyu yana iya kasancewa da ciwon daji a mafitsara, wanda gwajin PSA bai san da zamansa ba, ga shi ya kwantar da hankalinsa. Dukkan kurakuran biyu sun taso ne daga rashin sanin abin da ake aunawa, da kuma kalmomin Hausar da aka isar da saƙon da su. Saboda haka batun ya shafi masanin harshe kamar yadda ya shafi likita.

2.0 Ma'anar Enzayim da Asalin Kalikirin

Enzayim wani nau'in furotin ne da jiki ke ƙerawa domin hanzarta sauyin da wani abu ke yi zuwa wani. Wanda ya tauna tuwo ya daɗe bai haɗiye ba zai ji ɗan zaƙi a bakinsa, domin enzayim ɗin da ke cikin yawu ya fara mayar da sitaci sukari. Akwai rukunin enzayim da aikinsu shi ne yanka wasu furotin. Furotin kamar carbi yake, ƙwayoyinsa su ne abin da ake kira amino asid, kuma waɗannan enzayim suna tsinke carbin ne a wani gurbi takamaimai. Kalikirin na cikin wannan rukuni. A bakin da yake yanka da shi akwai amino asid guda uku masu aiki tare, wato histidin da asfatet da serin, kuma da sunan na ukun ake kiran babban dangin nasu.

Tarihin gano shi ya faro ne daga fitsari. A shekarar 1909 wasu masana biyu na Faransa, Abelous da Bardier, suka lura cewa idan aka yi wa kare allurar wani abu da aka tace daga fitsarin mutum, bugun jininsa yana sauka. Masana a Jamus suka ci gaba da bin sawun wannan abu, har a shekarar 1930 Heinrich Kraut da Emil Karl Frey da Eugen Werle suka same shi da yawa a cikin fankiriyas, wato gaɓar nan da ke bayan tumbi wadda take samar da insulin. Suka raɗa masa suna daga wata kalmar Girkanci mai nufin wannan gaɓa. Daga baya ta bayyana cewa ƙoda da gaɓoɓin da ke samar da yawu su ma suna ƙera shi, amma sunan ya riga ya zauna.

Ya kamata a bambance iri biyu. Akwai kalikirin na ruwan jini, wanda hanta ke samarwa, yana da hannu a daskarewar jini da kumburi, kuma ƙwayar gadonsa tana kan kuromosom na 4. Akwai kuma kalikirin na gaɓoɓi, waɗanda su ne abin nazari a nan.

2.1 Iyalin Kalikirin Goma Sha Biyar

Har zuwa tsakiyar shekarun 1990 kalikirin na gaɓoɓi uku kaɗai aka sani a jikin mutum. A ƙarshen waɗannan shekaru zuwa farkon ƙarnin nan, ayyukan masana irin su Eleftherios Diamandis da George Yousef a Toronto ta Kanada, da Judith Clements a Brisbane ta Ostireliya, suka nuna cewa adadinsu 15 ne. Ƙwayoyin gadonsu suna jere kusa da juna a kan kuromosom na 19, kuma babu wani jerin ƙwayoyin gado na enzayim masu yanka furotin da ya kai shi tsawo a halittar ɗan Adam. Ana yi musu laƙabi da KLK1 zuwa KLK15.

Kowanne yana da wurin da ya fi yawa da aikin da yake yi. KLK1 shi ne na asali, yana sakin wani sinadari mai buɗe hanyoyin jini. KLK4 yana taimakawa wajen ƙarfafa farin ɓawon haƙori, kuma yaron da aka haifa da naƙasa a wannan ƙwayar gado haƙoransa ba sa yin ƙwari. KLK5 da KLK7 su ke tsinke abin da ke riƙe matattun ƙwayoyin fata domin su zube, shi ya sa idan aikinsu ya wuce kima fata take saɓulewa. KLK6 da KLK8 suna da yawa a ƙwaƙwalwa. KLK2 da KLK3 kuwa gidansu furostet, kuma KLK3 shi ne PSA.

Jiki ba ya sakin waɗannan enzayim da kaifinsu. Yana ƙera su ne da wani ɗan murfi a bakinsu, sai an cire shi suke fara yanka, kuma sau da yawa wani kalikirin ne ke cire wa ɗan'uwansa. Akwai kuma furotin da aikinsu shi ne kama su su hana su aiki. Wannan bayani yana da amfani a gaba, domin bambancin PSA da aka kama da wanda ke yawo a sake yana cikin abubuwan da likitoci ke dubawa.

3.0 PSA: Aikinsa da Yadda Yake Shiga Jini

Furostet wata 'yar gaɓa ce da maza kaɗai ke da ita. Girmansa a jikin matashi bai wuce na ɗan goro ba, nauyinsa kimanin giram 20. Yana ƙarƙashin mafitsara, ya kewaye bututun da fitsari ke bi ya fita, kuma bayansa yana jingine da bangon dubura. Aikinsa shi ne samar da wani kaso na ruwan maniyyi. Wannan zama da ya yi a wuyan mafitsara shi ya sa duk lokacin da ya kumbura fitsari ne ke fara nunawa.

Maniyyi yana fita da kauri, sannan ya tsinke ya zama ruwa, galibi cikin minti 15 zuwa 30. PSA ne ke yin wannan aiki. Masanin ƙasar Suwidin Hans Lilja ya nuna a shekarar 1985 cewa yana datsa furotin ɗin da ke daskarar da maniyyi, domin ƙwayoyin haihuwa su samu damar tafiya. Ke nan PSA abu ne na lafiya, kowane namiji baligi yana da shi. Carbinsa yana da amino asid 237, kuma sinadarin mazantaka, wato testosteron, shi ke umurtar furostet ya ƙera shi.

Yawan PSA a maniyyi ya ninka na jini kusan sau miliyan. Dalili shi ne ƙwayoyin da ke ƙera shi suna zuba shi ne cikin ƙananan bututu masu kaiwa waje, kuma akwai shinge tsakanin waɗannan bututu da hanyoyin jini. Ɗan abin da ke tsallake shingen shi ake gani a jinin mai lafiya. Ciwon daji yana rusa wannan shinge, sai PSA ya kwarara cikin jini. Abin lura shi ne ƙwayar ciwon daji ba ta fi lafiyayyar ƙwaya ƙera PSA ba. Yoyo ne ke ƙaruwa. Don haka duk abin da zai huda shingen, ko ya ƙara girman gaɓar, zai iya ɗaga lambar.

3.1 Tarihin Gwajin

A shekarar 1979 Ming Wang da abokan aikinsa, ƙarƙashin jagorancin T. Ming Chu a cibiyar Roswell Park da ke Buffalo a Amurka, suka tace PSA daga naman furostet, kuma a 1980 aka nuna cewa ana iya auna shi a jinin masu ciwon. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da gwajin a 1986 domin bibiyar waɗanda aka riga aka tabbatar suna da ciwon. Sai a 1994 ta amince a yi amfani da shi, tare da duban furostet da yatsa ta dubura, wajen neman ciwon a jikin waɗanda ba a san suna da shi ba. Wannan jeri yana da ma'ana: bibiya ita ce aikin da gwajin ya fi ƙwarewa a kai tun farko.

Idan aka cire furostet gaba ɗaya ta hanyar tiyata, PSA ya kamata ya ɓace daga jini cikin 'yan makonni, domin rabinsa yana gushewa duk bayan kwana biyu zuwa uku. Idan ya sake bayyana ya kai 0.2, likita ya san ciwon ya dawo tun kafin majiyyaci ya ji komai. Haka nan, tun 1941 Charles Huggins ya nuna cewa ciwon dajin furostet yana lafawa idan aka yanke masa testosteron, aikin da ya samu kyautar Nobel a kansa a 1966. Har yau ana bin wannan hanya, ko ta allura ko ta cire 'ya'yan maraina, kuma saukar PSA ita ke nuna maganin yana ci, hawansa kuma ya nuna ciwon ya fara bijire masa.

4.0 Abin da Lamba ke Nunawa da Iyakarta

Ana auna PSA da nanogiram a kowace mililita ta jini, kuma an daɗe ana ɗaukar 4.0 a matsayin iyaka. Wannan iyaka ba katanga ba ce. A cikin mazan da lambarsu ke tsakanin 4 da 10, kimanin ɗaya cikin huɗu ne ake samu da ciwon daji idan aka ɗebi naman aka duba. A ɗaya ɓangaren kuma, wani babban bincike da Ian Thompson da abokan aikinsa suka wallafa a 2004 ya gano ciwon a jikin kashi 15 cikin ɗari na mazan da lambarsu ba ta wuce 4.0 ba, duk da cewa mafi yawan waɗannan ba masu saurin yaɗuwa ba ne.

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza, kuma haka hawan PSA yake, sai dai musabbabin yana da yawa. Mafi yawa shi ne girman furostet na tsufa, wanda ba ciwon daji ba ne, kuma ana samunsa a jikin kusan rabin mazan da suka kai shekara 60. Akwai kumburin furostet da ƙwayoyin cuta ke haddasawa, da ciwon sanyi na hanyar fitsari, da riƙewar fitsari, da sanya robar fitsari. Saduwa da iyali ko motsa jiki mai tsanani cikin kwana biyu kafin gwaji su ma suna iya ɗaga lambar kaɗan. Akwai kuma abin da ke sauke ta: magungunan finasteride da dutasteride, waɗanda ake bayarwa domin girman furostet, suna rage ta da kusan rabi bayan wasu watanni, don haka wajibi ne mai shan su ya sanar da likita. Shekaru ma suna da tasiri. A 1993 Joseph Oesterling ya ba da shawarar iyaka 2.5 ga 'yan shekara 40 zuwa 49, da 3.5 ga 'yan 50 zuwa 59, da 4.5 ga 'yan 60 zuwa 69, da 6.5 ga 'yan 70 zuwa 79. An samo waɗannan alƙaluma ne daga fararen fata na jihar Minnesota, abin da ya kamata mai amfani da su a Kebbi ya riƙa tunawa.

Malaman fiƙihu suna bambanta ƙarina da bayyina: ta farko tana karkatar da zato, ta biyu ake yanke hukunci da ita. PSA ƙarina ce. Bayyina ita ce a ɗebi ɗan naman furostet da allura a duba shi a ƙarƙashin madubin likita, inda ake tabbatar da ciwon tare da auna zafinsa. Sai dai ƙarina tana ƙarfi tana rauni. Lamba 5 zato ne mai rauni, amma wadda ta haura 100 kusan ko yaushe tana nufin ciwon daji ne wanda ya riga ya yaɗu, galibi zuwa ƙashi.

Wannan rauni ya haifar da muhawara a ƙasashen Yamma. A 2009 aka wallafa sakamakon manyan bincike biyu. Na Turai ya nuna cewa gwada maza masu lafiya a kai a kai ya rage mutuwa daga ciwon da kashi 20 cikin ɗari, amma a lokacin sai an gwada mutum 1,410 an kuma yi wa 48 magani kafin a ceci rai ɗaya. Na Amurka bai ga bambanci ba. Matsalar ita ce wasu nau'o'in ciwon suna tafiyar hawainiya har mai su ya mutu da wani dalilin daban, alhali tiyata tana iya barin mutum da rashin riƙe fitsari ko raunin mazantaka. Kwamitin da ke ba gwamnatin Amurka shawara a kan rigakafi ya hana gwajin gama-gari a 2012, sannan a 2018 ya sassauta, ya ce 'yan shekara 55 zuwa 69 su yanke shawara bayan tattaunawa da likita.

4.1 Gudummawar Sauran Kalikirin

Domin rage ɗibar nama ba bisa buƙata ba, masana sun koma ga iyalin kalikirin ɗin. Mafi yawan PSA da ke jini a kame yake da wani furotin mai hana shi aiki, kaɗan ne ke yawo a sake. An lura cewa kason da ke sake yana raguwa a jikin mai ciwon daji. Idan lamba tana tsakanin 4 da 10, kuma sakakken PSA ya haura kashi 25 cikin ɗari, zaton ciwon daji ya yi rauni, idan kuwa ya gaza kashi 10, zaton ya ƙarfafa. A 2012 aka amince da wani ma'auni mai suna PHI, wanda ke ƙara lissafin wani nau'in PSA da ba a gama cire wa murfi ba. Akwai kuma 4Kscore, wanda ke haɗa nau'o'in PSA uku da KLK2, tare da shekarun mutum, domin ƙiyasta yiwuwar ciwo mai zafi. Waɗannan biyun na ƙarshe suna da tsada, kuma ba su zama ruwan dare a Nijeriya ba.

An kuma yi nazarin sauran 'yan iyalin a wasu gaɓoɓi. An samu KLK6 da KLK10 da KLK11 sun hauhawa a jinin mata masu ciwon dajin gaɓar da ke samar da ƙwan haihuwa, kuma yawan KLK6 yana tafiya da munin ciwon. KLK10 kuwa an fara gano shi ne a matsayin ƙwayar gadon da ke yin shiru a ƙwayoyin ciwon dajin nono. Bugu da ƙari, bincike a ɗakin gwaje-gwaje ya nuna cewa wasu kalikirin suna iya taimakon ciwon da kansa, ta hanyar yanka zaren da ke riƙe ƙwayoyin jiki a wurinsu ko sakin sinadaran da ke sa ƙwaya ta hayayyafa. Duk da haka, KLK3 da KLK2 ne kaɗai suka shiga aikin asibiti na yau da kullum. Sauran suna matakin bincike.

5.0 Yanayin Kwarin Rima

Muhawarar da aka ambata ta taso ne a ƙasashen da ake gano ciwon da wuri har ya yi yawa. A Nijeriya matsalar akasin haka ce. An daɗe ana zaton ciwon dajin furostet bai damu baƙar fatar Afirka ba, har Farfesa Dominic Osegbe na Legas ya rusa wannan zato a wata maƙala ta 1997. Ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta duniya na shekarar 2020 ya nuna shi ne kan gaba a cikin mazan Nijeriya, da sababbin masu kamuwa fiye da 15,000 a shekara da mace-mace fiye da 8,000. Rahotannin asibitocin koyarwa sun yi ittifaƙi a kan cewa mafi yawan majiyyata suna zuwa ne bayan ciwon ya yi nisa, da riƙewar fitsari, ko ciwon baya, ko shanyewar ƙafafu. A Amurka ma baƙaƙen fata sun fi farare kamuwa, kuma mutuwarsu daga ciwon ta kusan ninka ta farare, shi ya sa Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Amurka take ba su shawarar fara tattauna gwajin da likita tun suna shekara 45.

A Birnin Kebbi akwai Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda a da ake kira Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya. A Sakkwato, tazarar kimanin kilomita 150 ta hanyar Argungu, akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, mai cibiyar cututtukan ƙoda da hanyoyin fitsari da kuma sashen ƙona ciwon daji da hasken na'ura. Jihar Kebbi ta kuma yi suna a fagen wayar da kai ta dalilin Dokta Zainab Shinkafi-Bagudu, wadda ta kafa gidauniyar Medicaid, kuma aka zaɓe ta a 2024 a matsayin shugaba mai jiran gado ta Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Duniya. Ke nan maganar gwaji tana isa kunnen jama'a. Abin tambaya shi ne da waɗanne kalmomi take isa.

A nan ne yanayin ƙasa ya shigo. Rayuwar Kabawa a ruwa take: su a gulbi, noman shinkafa a fadama, wanka da wasan yara a tafki. A irin wannan ruwa ne dodon koɗin da ke ɗauke da tsutsar tsargiya yake rayuwa. Tsutsar tana huda fata, ta zauna a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, ƙwayayenta kuma su maƙale a bangonta su riƙa haddasa fitsarin jini da kumburi na shekaru. Tun 1994 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya wannan tsutsa cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. Binciken da Mungadi da Malami suka wallafa a 2007 daga Sakkwato ya nuna cewa nau'in ciwon dajin mafitsara da ake dangantawa da tsargiya shi ya fi yawa a cikin majiyyatan da suka duba. Ciwon dajin mafitsara, a wannan yanki, cuta ce mai zaman kanta wadda take kama maza da mata, kuma takan zo wa mutum yana da sauran ƙuruciya idan aka kwatanta da ta furostet. Mafitsara ba ta ƙera PSA. Ana gano ciwonta ne ta gwajin fitsari, da hoton ciki, da leƙa cikinta da na'ura.

6.0 Matsalar Suna

Hausa ba ta da tsayayyar kalma ta gado ga furostet, domin gaɓa ce ɓoyayya. Abin da mutane suka sani su ne alamominsa, kuma sukan zuba su cikin jakar "sanyi" ko su ɗauke su al'adar tsufa. Da kafofin yaɗa labarai suka buƙaci fassara, da yawa sun ɗauki gaɓar da ta fi kusa, suka ce "kansar mafitsara" ko "sankarar mafitsara", wasu ma "kansar maraina". Ta haka cututtuka uku masu mabambantan musabbabi da gwaji da magani suka koma amsa sunan juna. A wurin da ciwon dajin mafitsara ba shi da yawa ana iya ɗaukar wannan sakaci ne kawai. A Argungu yana iya sa masuncin da aka ambata ya bar fitsarin jininsa ba a bincika ba.

Furucin "gwajin kansa" shi ma yana da illa biyu. Ta fuskar ma'ana, yana sa mai sauraro ya ɗauka lamba mai yawa hukunci ce, lamba kaɗan kuma wankewa ce daga kowane irin ciwon daji. Ta fuskar rubutu, da yake ba a nuna karin sauti a daidaitacciyar Hausa, "kansa" ta ciwo da "kansa" ta wakilin suna siffarsu ɗaya, har jimla irin "ya yi gwajin kansa" take ɗaukar ma'ana biyu. "Ciwon daji" da "sankara" ba su da wannan harshen damo.

Bisa wannan, ana ba da shawarwari kamar haka. A ari kalmar "furostet" a daidaita rubutunta, a riƙa raka ta da bayanin cewa gaɓa ce ta maza da ke ƙarƙashin mafitsara, har kunne ya saba. A keɓe "ciwon dajin mafitsara" ga mafitsara kaɗai. A bambanta "girman furostet" da "kumburin furostet" da "ciwon dajin furostet". A kira gwajin "gwajin furostet na jini" ko "gwajin PSA". A wajen bayar da sakamako kuma a zaɓi lafazin da ke nuna mataki na gaba, misali ma'aikacin lafiya ya ce wa dattijo: "Baba, gwajin ya nuna akwai abin da ke damun furostet ɗinku. Yana iya zama girma ne na shekaru, yana iya zama wani abin. Sai likita ya ƙara dubawa za a sani, kuma kada ku jinkirta dawowa." Haka nan duban yatsa ta dubura, wanda kunya ke hana dattawa da yawa yarda da shi, yana buƙatar lafazi mai mutunci da za a yi bayaninsa da shi tun kafin a shiga ɗakin likita.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa kalikirin iyali ne na enzayim 15 masu ayyuka na lafiya a fata da haƙori da ƙoda da ƙwaƙwalwa da furostet, kuma biyu daga cikinsu, KLK3 da KLK2, sun zama manuni ga likitoci saboda suna tsallakawa cikin jini idan furostet ya samu matsala. PSA yana da ƙarfi wajen bibiyar wanda ake yi wa magani, yana da amfani wajen tura mutum ga ƙarin bincike, amma shi kaɗai ba ya tabbatar da ciwon daji kuma ba ya kore shi. Ga namijin da ya kai shekara 45, musamman wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi ciwon, tattauna gwajin da likita abu ne mai kyau, domin ciwon a farkonsa sau da yawa ba ya nuna alama. Ga wanda ke fitsarin jini kuwa, lambar PSA komai ƙanƙantarta ba ta wanke mafitsararsa ba. Isar da wannan bambanci ga mazauna Gesse da masuntan Argungu yana buƙatar haɗin guiwar sassan nazarin Hausa da likitocin hanyoyin fitsari da gidajen rediyo, domin a samar da jerin kalmomi guda ɗaya da kowa zai riƙa amfani da shi.